Ranar Da Aka Tsayar Da Baba Yana Kiɗa

A wata rumfar gyaran rediyo da ke bakin titin kasuwa suka fara ganin juna. Ita ta shigo riƙe da 'yar rakoda wadda ba ta fi sabulun wanka girma ba, shi kuwa yana sunkuye yana liƙa wata waya da dalma. Da ya ɗago ya gan ta, sai dalmar ta ɗiga a kan tebur.

"Sannu da aiki, Mai Gyara," in ji ta. "Wayar da za ta haɗa wannan da mikisa, na'urar haɗa sauti, nake nema."

"Kiɗan wa za a ɗauka?"

"Na mahaifina. Molo yake kaɗawa yana waƙa. Hannunsa ya fara rawa, likita kuma ya ce gaba abin zai yi."

Auta ake ce mata, domin ita ce ƙarama a 'ya'yan tsohon makaɗin. Waƙoƙinsa ba a taɓa ɗaukarsu ba, a kansa kaɗai suke, kuma sai da ta yi shekaru tana roƙo kafin ya amince.

Waɗanda suka daɗe a duniya sun san ba yau aka fara ba: an sha ganin saurayi ya sayar da kaya, sa'an nan ya bi kayan har gida da sunan gwadawa. Mai Gyara bai kauce wa wannan hanya ba. Da yamma ya aika mata saƙo:

"Auta, wayar da na ba ki lafiyarta ƙalau. Mai rumfar ne ba shi da lafiya tun da kika fita."

Ta amsa: "Allah ya ba shi sauƙi. Ya zo gidanmu ya haɗa mana kayan, wataƙila a dace da magani."

Ya je, ya sake zuwa, har mahaifiyarta ta gane sallamarsa tun daga ƙofa. Ranar ɗauka suka shimfiɗa tabarma a ɗakin Baba, suka kashe fanka. Mai Gyara ya kafa makirufo ɗaya a saitin bakin tsoho, ɗaya a saitin molo, ya kai su mikisa, ya ja waya daga mikisa zuwa rakoda. Ita rakodar ramuka biyu gare ta a jere: ɗaya na makirufo, mai jiran sauti marar ƙarfi, ɗaya na sautin da ya fito daga wata na'ura da ƙarfinsa. Auta ce ta riƙe masa ita, idonsa kuma ba a kan ramukan yake ba. Ya cusa wayar a na makirufo.

Da zai ji kuskuren nan take, domin ya riga ya ɗora hedifon a kai. Amma Baba ya dube shi.

"Yaro, ni zan yi kiɗa, kai kuma ka toshe kunne?"

Kunya ta kama shi, ya cire, ya ajiye a gefe. Ya koma kallon 'yan fitilun rakoda suna hawa suna sauka, ya ɗauka komai na tafiya daidai. Baba ya yi ta kiɗa har yatsunsa suka ƙi.

Da aka kunna, muryar ta fito a yayyage kamar ana kece tsumma, ga wani ƙugi a ƙarƙashinta. Baba bai ɗaga murya ba. Ya miƙe ya rataye molon a bango.

"Ɗan abin da ya rage a yatsuna na bayar," in ji shi, "an zubar."

Bayan 'yan kwanaki mahaifiyar Auta ta gaya wa Baba cewa Mai Gyara yana son turo manyansa. Ya ce, "Wanda na danƙa wa waƙa ya ɓarar, ba zan danƙa masa 'ya ba."

A nan ne ɗan ƙanwar Baba, wanda yake da sitidiyo a cikin gari kuma ya daɗe yana zagayen Auta, ya fara yawan zuwa gaisuwa. Wata rana Mai Gyara ya hange ta tana fitowa daga motar mai sitidiyon a titin kasuwa. Ya haɗiye abin, ya daina kira. Ita kuwa ta ɗauki shirun a matsayin gudu, har ta gaji ta rubuta masa:

"Ka ɓata waƙar Baba, na yafe. Shirun nan ne ban yafe ba."

"Hasken idona, na gan ki a motar mai sitidiyo, na ce an samu wanda ya fi ni kayan aiki. Da wane ido zan dube ki?"

"Maganin Baba ya kai ni saye. Kayan aiki yana da su, amma sitidiyonsa a sama yake, Baba ya ce ba ya hawa bene, ba ya kuma waƙa a kan gangar kwamfuta. Ka gano matsalar, ko har yanzu zaman makoki kake?"

Ashe ya gano. A rumfarsa ya sake haɗa komai, yana canza abu ɗaya, ya saurara, kafin ya taɓa wani. Ya canza waya, yagewar tana nan. Ya mayar da ita ɗaya ramin, yagewar ta ɓace. Saura ƙugin, sai ya zare caja daga bango ya bar rakoda a kan batir, shi ma ya ɗauke.

Ya je ya durƙusa a gaban Baba. "Baba, laifin nawa ne, ba na na'ura ba. Na zo roƙon abu biyu da suka yi kama da rashin kunya. A bar ni da hedifon a kunne. In kuma na ji matsala, zan ɗaga hannu ka tsaya."

Makaɗi irin Baba ba a tsayar da shi. Ko a manyan taruka, jira ake yi ya sauke da kansa.

"Mutum ɗaya ya taɓa tsayar da ni," in ji shi, "wanda ya koya mini molo. Shi ma da sanda."

"Ni ma na sha tsayar da kai, Malam," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Ji ne ba ka yi."

Baba ya dubi Auta, ya ga idonta ya cika. Ya ce, "Sauko mini da molon."

Suka ɗauki ɗan gwaji, suka saurara, ya fito tas. Sa'an nan Baba ya shiga doguwar waƙarsa, wadda ya yi wa mahaifiyarsa. Yana tsakiyarta Mai Gyara ya ji sautin kunnen hagu ya ɗauke. Gumi ya keto masa, amma ya ɗaga hannu.

Molo ya yi shiru. Auta ta dafe ƙirji. Mai Gyara ya bi wayar da yatsa tun daga rakoda har ƙasan tabarma.

"Baba, a gafarce ni. Ƙafarka ce take bin kiɗa tana taka wayar, har kanta ya zare daga mikisa."

Tsohon ya dubi ƙafarsa, ya yi dariya har da tari. "Ita ma ta tsufa ba ta natsu ba. Gyara, mu koma."

Haka suka yi ta yi kowace safiya, kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da hannun ya yarda, har waƙa ta ƙarshe ta shiga. Ranar Baba ya karɓi hedifon ya ɗora a kansa, ya ji waƙoƙinsa daga farko har ƙarshe, karo na farko a rayuwarsa. Ya daɗe idonsa a rufe.

"Ɗana," in ji shi, "jama'a sun sha tafa mini ko na yi daidai ko na kuskure. Kai ka ce mini tsaya don kada in yi asara. Na gode. Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure cikin mutunci, kamar yadda aka ɗaura na yayyenta, mai sitidiyo ma ya halarta ya yi musu fatan alheri. A lokacin hannun Baba ya riga ya daina riƙe molo, amma ya iya ɗora shi a kan kowannensu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. In 'ya'yanku sun tambayi wane ne kakansu, kada ku wahalar da kanku da bayani. Ku kunna musu."