Sunan Dogo a Rumbun Bayanai

Wata uku da rasuwar Dogo, babban mai rubuta manhajar kamfanin, amma kullum sai oga ya ce, "Da Dogo ne, da tuni ya gama." Maganar tana ƙona ran Gajere, wanda ya gaji aikin.

Rannan da dare, bayan kowa ya watse, Gajere ya rubuta umarnin da zai goge duk bayanan da ke ɗauke da sunan Dogo daga sabar, wato rumbun bayanan kamfanin. Ya danna, allo ya nuna ba a goge komai ba. Ya sake dannawa, shiru.

Sai ƙanshin man zafi ya bugi hancinsa, irin wanda Dogo ke shafawa a wuya. Kujerar gefensa ta lotsa.

"Maigadi, kai ne?" ya tambaya, bai waiwaya ba.

"Haba ƙanina," in ji wata murya marar numfashi, "har yanzu ba ka iya gogewa ba? Matsa in gyara maka."

Madannan kwamfutar suka fara sauka da kansu, da saurin nan da Gajere ya daɗe yana ƙyashi. Sunan Dogo ya fita daga umarnin. Harafi bayan harafi, na Gajere yana shiga.