Ɗan Akuyan Yaya Zinariya

A wani gida a unguwar Koki akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce ƙarama a gidan, don haka kowa Auta yake ce mata.

Gidansu gidan rabo ne. Duk ranar da Umma ta yi waina ko dambu, sai an zuba wa maƙwabta. Auta ce mai kai kwanuka, kuma tana son aikin, don ko'ina ta shiga sai an sa mata albarka.

Tana da yaya mai suna Zinariya, wadda ta koyi haɗa manhaja. Shekara guda Zinariya ta yi tana haɗa wani wasa na waya. A cikin wasan, wani ɗan akuya fari ne ke gudu a lunguna yana tsintar baƙaƙe. Idan ya haɗa kalma daidai, sai ya yi tsalle ya yi kuka.

Ran Juma'a Zinariya ta kira ta.

"Auta, zo ki gwada min. Na ajiye wasan a ma'ajiyata ta intanet, na kuma turo hanyar buɗe shi wayar Umma. Ran Asabar ta sama zan kai shi gasar matasa."

Auta ta buga, ta sake bugawa, tana ta dariya har da riƙe ciki. Sai ta yi tunani: abu mai daɗi haka ya shigo gida, a ce maƙwabta ba su ɗanɗana ba? Nan take ta tura wa ƙawayenta uku.

Ran Talata, lokacin tara, ta ji wata 'yar ajinsu tana ba da labari.

"Kun ga sabon wasan Ashafa? Na ɗan akuya! Jiya aka tura wa babana."

"Na yayata ne," in ji Auta.

"Kai, Auta, ban da cika baki! Sunan Ashafa ne ke fitowa da an buɗe."

Ashafa shi ne mai shagon tura fina-finai da wasanni a waya, a bakin layinsu. Auta ta tashi da sauri. Ta tafi wurin Malama Sa'ida, malamar kwamfuta, ta gaya mata komai.

"Malama, ni fa alheri na yi. Kamar yadda nake kai waina."

Malama ta yi murmushi. "Wa yake zuba wainar a kwano?"

"Umma."

"In ba ta zuba ba, kina ɗiba ki kai?"

Auta ta girgiza kai.

"To, wasan nan na Zinariya ne. Ita ta yi wahalarsa, ita ke da ikon cewa a raba ko kada a raba. Shi ake kira haƙƙin mallaka, kuma doka ta hana a kwafi aikin mutum ba da izininsa ba. Je ki gaya mata da bakinki."

Da ta koma gida, ta tarar da Zinariya tana shanya a tsakar gida. Ta faɗa mata. Zinariya ta zauna a kan turmi, jiƙaƙƙen mayafi a hannunta.

"Auta, 'yan gasar nan ba sa karɓar aikin da ba na mutum ba. In suka ga sunan wani a kai, ni za su ce na yi sata."

Auta ta fashe da kuka. Baba ya fito daga ɗaki, ya ji abin da ya faru.

"Kuka ba ya ɗinke ɓaraka," in ji shi. "Ku ɗauko mayafanku."

Suka tarar da Ashafa a shago, wayoyi jere a gabansa.

"Alhaji, sannu da zuwa! Me za a tura?"

"Ba turi muka zo ba, Malam Ashafa. Ɗan akuyanmu muka zo nema."

Ashafa ya sosa ƙeya. "Wallahi Alhaji, ni a wayar wani yaro na tsince shi."

"In ka tsinci akuya a layi, cigiya kake yi ko sunanka kake rubuta mata a gadon baya?"

Mutanen da ke kan benci suka kwashe da dariya.

"To wa ya ce nata ne?" in ji Ashafa, yana ƙoƙarin daurewa.

Zinariya ta buɗe ma'ajiyarta a waya. Ta nuna masa zanen farko, da ranar da ta ajiye kowane sashe, tun bara.

"Kukan akuyar ma ƙanwata ce ta yi min," ta ce. "Auta, yi masa."

Auta ta goge hawaye, ta ja numfashi. "Meeee!"

A daidai lokacin, ɗan akuyan da ke cikin wata waya ya amsa da murya iri ɗaya sak. Wani tsoho ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ashafa ma ya kasa riƙe tasa dariyar.

"Na yarda. Ki yafe ni, Malama Zinariya. Ban kyauta ba."

Ya goge wasan daga kwamfutarsa a gabansu. Ya kuma rubuta takarda cewa aikin na Zinariya ne, ya sa hannu. Zinariya ta rufe hanyar da Auta ta tura.

Saura Auta. Umma ta hana ta taɓa waya har mako guda. Washegari kuma Auta ta tsaya a gaban aji, ta ce, "Ni na tura wasan nan ban tambaya ba. Don Allah duk wanda yake da shi a gida ya goge."

Ran Asabar Zinariya ta dawo da la'asar, fuskarta kamar an kunna fitila.

"Sun karɓa! Sun karanta takardar, sun duba ma'ajiyata. Na zo ta biyu!"

Umma ta rangaɗa guɗa. Auta ta ruga ta rungume yayarta.

"Wata mai zuwa zan sake shi da sunana," in ji Zinariya. "'Yan ajinku ne za su fara samu, kuma ke za ki tura musu."

"Da izininki, Yaya?"

"Da izinina."

Tun daga ranar, ko hoto Auta za ta tura wa wani, sai ta fara tambaya: na wane ne, kuma ya yarda? Ta gane cewa kyauta da abin wani ba kyauta ba ce, sai mai shi ya ce a bayar.