Ɓarawon da Ya Tsallake Zinariya

Sufeto na tsakiyar cin abincin rana aka buga masa waya cewa an fasa shagon maƙeran zinariya da ke bayan babban titi. Ya ture kwanon gefe, ya kira Saje, suka shiga mota.

Tun a hanya ya gama tsara labarin a ransa: an ɓalle ƙofa, an kwashe sarƙoƙi da awarwaro, mai shago ya ɗora hannu a ka. Irin wannan ya gani har ya gaji. Amma da suka isa, sai ga zinariya zaune a cikin gilashinta tana ƙyalli, ko zobe ɗaya ba a taɓa ba.

"To me aka sata, Baba?" ya tambayi mai shagon, wani dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi.

"Ruwa, ranka ya daɗe."

Saje ya ƙirƙiro tari don ya ɓoye dariya. Sufeto kuwa sai ya ji gajiyarsa ta gudu. Shi mutum ne da in ya ga abin da bai gane ba, abinci ma ba ya yi masa daɗi.

Dattijon ya shigar da su ɗakin aiki. An kifar da tebura da kujeru, an zazzage durowa, ƙananan guduma da hantsaki sun watse a ƙasa. An ɓalle kwaɗon ƙofar baya a lokacin da kowa ya fita cin abinci. A kusurwa akwai wani ƙaramin kabad a buɗe, ba komai a ciki.

Mutum biyu ne a ɗakin. Ɗaya ƙanen mai shago ne, maƙeri kamar yayansa, kowa Baffa yake ce masa. Ɗayar kuma 'yar mai shagon ce, tsaye a jikin bango cikin farar rigar aiki, idanunta sun yi ja. Saboda farar rigar nan da safar hannu Baffa ya laƙaba mata suna Likita, sunan kuma ya bi ta.

"Kabad ɗin nan ba fasa shi aka yi ba," in ji dattijon. Ya buɗe tafin hannunsa, ga makulli ɗaure da zare. "Makulli ɗaya ne, a wuyan 'yata yake kwana. Yanzun nan na cire shi da hannuna. Na ce mata in ba ta faɗi gaskiya ba, daga gobe ba ita ba shagon nan."

Likita ta ɗago ta dube shi. Shekara da shekaru take wa mahaifinta aiki, ita ce ya ce zai bar wa shagon, yau ga shi ko kallonta ba ya yi.

Sufeto ya ɗago wata kujera, ya kakkaɓe ta, ya zauna a gabanta. "Malama, ki taimake ni. Wane irin ruwa ne ake ɓalle ƙofa dominsa, a tsallake zinariya?"

"Ruwan rodiyum ne, ranka ya daɗe. Kwalba uku."

"Rodi me?"

"Rodiyum. Ƙarfe ne fari, ana narkar da shi cikin asid. Da shi nake yi wa zobe shafe, ya fito fari sol. In ka ga ruwan sai ka ce shayi ne ba madara."

"Kuma ya fi zinariya tsada?"

"Farashinsa hawa da sauka yake, amma akwai shekarar da ya ninka zinariya fiye da sau goma. In an haƙo zinariya kashi ɗari a duniya, da ƙyar a samu kashi ɗaya nasa. Ba shi da ramin kansa ma, a cikin filatinum ake tsinto shi."

"Ikon Allah. Ni da nake zaton daga zinariya an rufe ƙofa."

"Akwai iridiyum, shi ma ya sha wuce ta. Faladiyum ya taɓa wuce ta, ya dawo baya. Filatinum a da shi ne gaba." Ta ɗan tsaya. "Akwai kaɗan daga cikinsu a salansar motarka, su ke tace hayaƙi."

Sufeto ya juya ya dubi Saje. "Ka ji! Ɓarayin da ke kwanciya ƙarƙashin mota suna yanke salansa su bar rediyo, ashe ba mahaukata ba ne."

Ya so ya ci gaba da tambaya, don karatun ya yi masa daɗi, amma ya tuna ba makaranta ya zo ba. "Ina kika je da rana?"

"Gida."

"Yayarki ta ce ba ki je ba," in ji mahaifinta.

Baffa ya yi gyaran murya. "Ni ba na son shiga tsakanin uba da 'ya, ranka ya daɗe. Amma kowa ya san ita da mijinta suna neman shagon haya. Mai buɗe shago kuwa, ai yana bukatar kayan aiki."

Likita ta sunkuyar da kai. "Shagon na je dubawa. Mijina ne ke so, ni ban amince ba. Tsoron Baba ya sa na ɓoye."

Sufeto ya tashi ya fara zagaya ɗakin, hannu a baya. A bakin ƙofa ya lura da wani kafet mai kauri, ya yi baƙi ƙirin don datti.

"Baba, shago mai kyau haka, ba za a wanke wannan ba?"

"Wanke? Allah ya kiyaye! Duk mai fita sai ya goge takalminsa a kai. Garin zinariya ne ke manne a ƙafa. Ƙarshen shekara mu ƙone kafet ɗin mu tace tokar. A nan ko ruwan wanke hannu ba a zubarwa."

"Ashe mu ma sai mun goge kafin mu fita."

"Har kai, ranka ya daɗe."

Sufeto ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Idonsa ya faɗa kan taga. An jera wasu farantai uku a kanta, kowanne da ɗan gari mai ƙyalli a ciki.

"Waɗannan fa?"

"Su ke tare gari a ƙarƙashin tebur in muna gurza," in ji dattijon. Sai ya sauko da tabarau na biyu. "Wa ya kai su can?"

"Wanda ya kifar da teburan. Ya watsar da komai, amma zuciyarsa ba ta bar shi ya zubar da garin zinariya a ƙasa ba. Sai da ya ɗauke farantan a hankali, ya ajiye, sannan ya fara ɓarna. Baba, ɓarawonka a ɗakin nan ya girma."

Dattijon ya dubi 'yarsa, fuskarsa ta ƙara yin duhu.

Saje ya shigo ta ƙofar baya riƙe da leda. "Oga, a kwandon shara na same su." Kwalabe uku ne, duk babu komai a ciki.

Sufeto ya ɗaga ɗaya ya duba. "An juye ruwan ke nan. Malama, in ke ce, a me za ki juye?"

"Ba zan juye ba. In dole ne, sai a gilashi ko roba mai tsabta. Ya taɓa ƙarfe, ya lalace. Ya ɗiga a tufafi, ya huda."

"Kowa a nan ya san haka?"

"Ba wanda ke zuwa kusurwata. Baffa cewa yake wasan yara nake yi da ruwa."

Sufeto ya koma wajen teburin Baffa. A jikin bango akwai ƙusa, ƙarƙashinta fenti ya goge, alamar wani abu ya daɗe yana rataye a wurin.

"Me ke zama a nan, Baffa?"

"Fulas ɗin shayina. Ya fashe tun makon jiya."

"Wane fashewa?" in ji yayansa. "Fulas na ƙarfe? Ai yau da safe ka tsiyaya mini. Da shi ka fita da rana, kamar kullum."

"Yaya, tsufa ya fara kama ka."

"Kamar kullum," Sufeto ya maimaita. "Wanda ya fita da kwalabe uku tsakar rana, maƙwabta za su gan shi. Wanda ya fita da fulas ɗinsa kuwa, sannu kawai za a yi masa. Baffa, ɗaga hannun rigarka."

A bakin hannun rigar akwai ɗigo-ɗigo ja. Sufeto ya sa yatsa ya murza ɗaya, sai yadin ya ɓurme.

"Tartsatsin wuta ne," in ji Baffa.

"Wuta baƙi take bari. Ba ni makullin akwatin babur ɗinka."

Saje bai daɗe ba ya dawo da fulas, da wani ɗan makulli na tagulla. Likita ta sa safar hannu, ta buɗe fulas ɗin, ta tsiyaya kaɗan a kofin gilashi. Ruwan ya fito baƙi-baƙi, da gari a ƙasansa.

"Ya mutu," ta ce a hankali. "Ba zai ƙara yin shafe ba."

Baffa ya zauna daɓas a kan kujera. Ya daɗe yana kallon kofin.

"Makullin fa?" in ji Sufeto.

"Takan cire nata in za ta wanke hannu. Na danna shi a kakin zuma, na zuba irinsa da tagulla." Ya juya ga yayansa. "Tun muna yara nake hura maka wuta, Yaya. Idona ya mutu a kan zinariya. Yau mata su shigo su wuce aikina, su ce farin nan suke so. Ɗan ruwan da ta tsoma zobe a ciki ya fi gumina daraja, kuma ita za ka bar wa shago. Na so in ga ko zinariya za ta dawo matsayinta in babu ita."

"Ita wa?" dattijon ya tambaya. "Kwalbar, ko 'yata?"

Baffa ya kau da kai. Saje ya sa masa ankwa.

Dattijon ya matsa wajen 'yarsa, ya miƙa mata makullin, ya kasa haɗa ido da ita. Kunya ta ishe shi, kuma ta dace da shi.

Likita ba ta karɓa ba. "Baba, kai ka cire shi a gaban mutane. Kai za ka mayar."

Dattijon ya warware zaren, ya rataya mata a wuya, ya gyara mata wuyan riga kamar tana ƙarama.

Saje ya tasa Baffa gaba. Da suka kai bakin ƙofa sai Baffa ya ja ya tsaya. Saje ya ɗauka gardama zai yi, ya ƙara riƙe shi. Sufeto ya yi masa alama ya sassauta.

Baffa ya goge takalmin dama a kan kafet ɗin, ya goge na hagu, sosai, yadda aka koya masa tun yana yaro, don kada ya fita da zinariyar yayansa. Sannan ya shiga mota.