Amaron Don Saverio

Ranar bikin zaitun na garinsu, Ilaria ta fara ganin Ettore, kuma abin da ta fara gani a wurinsa ɓarna ce. Tana tsaye a rumfar ɗanɗana amaro, giyar nan mai ɗaci ta ganye da saiwa da ake kurɓa bayan cin abinci, sai ga sabon likitan dabbobin da aka turo daga birnin Torino. Ta zuba masa a ɗan kofin gilashi. Ya ɗaga kai ya shanye tas kamar mai haɗiyar magani.

"Wayyo Allah! Malam, wa ke korarka?" Ta dafe ƙirji. "Kurɓa ake yi. A bar shi ya zauna a harshe ya gama maganarsa."

Ya share ƙwallar da ɗacin ya tara masa. "To ƙara min, ki koya min."

Ta koya masa, shi kuma ya tafi da lambar wayarta. Kafin sanyi ya shigo saƙonninsu sun cika waya.

"Malamata, yau na kurɓi shayi a hankali saboda ke. Har ya huce."

"Ɗalibina mai gaggawa, ranar Lahadi Baba ya ce ka zo cin abinci. Don Allah duk abin da ya zuba maka, ka ce da daɗi."

Don Saverio, mahaifin Ilaria, da hannunsa yake jiƙa amaronsa tun rasuwar matarsa, kuma duk garin babu wanda ya isa ya kushe masa. Ya riga ya yi wa 'yarsa sha'awar Fulvio, ɗan abokinsa, don wannan ba ya tashi daga tebur sai ya nemi ƙari yana lumshe ido. Ilaria kuwa ko muryar Fulvio ba ta son ji.

Lahadi ta yi, Ettore ya shigo da fara'arsa, rungume da kwalbar amaro ta kanti a matsayin tsaraba. Cokali ya suɓuce daga hannun Nonna Assunta, kakar Ilaria. A gidan mai jiƙa nasa! Don Saverio ya karɓi kwalbar da yatsa biyu ya ajiye ta bayan ƙofa, kusa da tsintsiya.

Aka ci taliya, aka ci naman rago, sannan aka fito da baƙar kwalba. Kamar kullum kowa ya ɗauki kofinsa ya nufi baranda shan iska. Ettore kaɗai ya zauna gaban maigidan yana kurɓa a hankali yadda aka koya masa, har ya ga ƙasan kofin.

"To, likita, ya ka ji?"

Ilaria ta leƙo daga baranda tana yi masa alama da ido.

"Don Saverio, gaskiya ban taɓa shan abu mai ɗaci irin wannan ba. Harshena har ya ɗaure. Amma..."

"Amma ka ɗauki kwalbarka ka fita min daga gida!"

Ilaria ta yi kuka har idonta ya kumbura, ga haushinsa ga sonsa. Ta rubuta masa: "Kalma ɗaya na roƙe ka. Ɗaya! Ka zaɓi gaskiyarka ka bar ni."

Ya amsa: "Zuciyata, ba zan fara zama ɗansa da ƙarya ba. Kuma bai bari na ƙarasa ba."

Ta kife wayar. Baba kuma ya fara zancen Fulvio a fili, har da maganar zuwa wurin fada, limamin coci, a sa rana.

Ana cikin haka ɗan itacen lemun tsamin da ke cikin tukunya a baranda ya soma zubar da ganye. Don Saverio ya tona don ya sauya masa ƙasa, wari ya bugi hancinsa. Wata Lahadi, ana gama cin abinci, ya kinkimo tukunyar ya dire ta a tsakiyar tebur.

"Wa ke shayar da lemuna amaro?"

Fulvio ya yi wuf ya ce, "Ni dai Baba ka san har ƙari nake yi."

"Kai, rufa mana baki," in ji Nonna Assunta. "Kofi biyu kake juyewa. Kullum sai ka tare min hanya in na zo zubar da nawa."

Don Saverio ya juyo a hankali. "Mama? Har ke?"

"Ni na haife ka, Saverio, amma ba zan mutu a kan wannan abin ba."

Ya kalli 'yarsa. Ilaria ta sunkuyar da kai, kunya kamar ta nutse. "Ka yafe min, Baba. Ban taɓa wuce kurɓin farko ba."

Tsohon ya zauna daɓas. Bai yi faɗa ba. Can ya ce da wata siririyar murya, "Ashe duk shekarun nan babu wanda ya taɓa shanyewa?"

"Akwai mutum ɗaya," in ji Nonna. "Ka kore shi."

Ilaria ta zaro waya ta rubuta wa Ettore: "Ɗalibina, zo yanzu. Yau kam ka yi gaggawa."

Ettore ya iso da takalmin aikinsa duk taɓo. Don Saverio bai ko amsa gaisuwarsa ba.

"Rannan ka ce amma. Amma me?"

"Amma can ƙarshe, bayan ɗacin ya sake ni, sai na ji ɓawon lemun zaƙi. Ɗan kaɗan ne, sai an jira shi. Shi ya sa na shanye."

Tsohon ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Ilaria ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba.

"Lemun mahaifiyarki ne," ya ce mata. "Bishiyar da ta dasa a bayan gida. Kowace kwalba sai na sa ɓawonsa. Na ɗauka kuna jinta."

Da bazara aka ɗaura auren a ƙaramar cocin garin. Bayan walima Don Saverio ya fito da baƙar kwalba, ya kuma sa aka kulle ƙofar baranda, mutane suka kwashe da dariya. Ya ɗora hannu a kan ango da amarya ya ce, "Allah ya albarkaci gidanku, ya ba ku haƙurin jiran juna."

Ilaria ta kai kofin baki. Ɗacin ya shaƙe ta, ta yamutsa fuska, Ettore ya riƙe hannunta ya raɗa mata, "Kurɓa ake yi, malamata."

Ta jira. Can ƙarshe lemun ya iso, ta ɗago ido cike da ƙwalla ta kalli mahaifinta.

"Baba, na ji ta."