Magulmaciya da Ruwan Jego

Kullum da asuba sai Magulmaciya ta shaƙi iskar Dogon Gida, hawa sittin, ɗaki ɗaki, ta ce, “Lafiya lau, babu hayaƙi.” Na'ura ce, hancinta dubu uku manne a silin, bakinta a bango. Mata suka raɗa mata sunan, don ko albasa kika ƙona sai hawa goma sun ji labari.

Injiniya Sallau ne ya ƙera ta, kuma ba ya barin kowa ya manta. Aikinta uku: ta ji hayaƙi tun yana jariri, ta rufe ƙofofin ƙarfe kada ya yi yawo, ta nuna wa mutane matakalar fita da koren haske. Tun da aka kafa ta, ko ashana ba a ƙyasta a gidan. Girki sai da murhun lantarki.

To, sai matarsa Hansatu ta haihu, uwarta Inna Dudu ta zo daga ƙauye da garwa, da ganyen darbejiya, da damin itace biyu.

Kun san suruki. Mutumin da ke daka wa manyan gari tsawa, ga shi tsugune a bakin ƙofa, ido a ƙasa. Ita ma ba ta kallonsa, da bango take magana.

“A gaya wa mai gidan nan, ruwan da waya ta dafa ba ya shiga ƙashin mai jego. Wuta nake so, mai harshe.”

“Inna, an hana,” in ji Hansatu.

“Wa ya hana?”

Hansatu ta dubi mijinta. Mijinta ya dubi takalminsa. “A'a” ta taso har maƙogwaro, ta leƙo, ta ga suruka, ta koma.

“Ba komai, Inna,” ya ce.

Ya sauka ɗakin na'ura, ya ɗora babban yatsa a kan allo.

“Injiniya, in ka toshe mini hancin hawanku na arba'in, mutum tamanin ne ba zan ji su ba,” in ji Magulmaciya.

“Kwana arba'in ne kawai. Yi shiru.”

Ta yi shiru. Ita ba ta da suruka, ba ta gane ba.

Kwana huɗu ana tafasa ruwa a baranda lafiya ƙalau. Rana ta biyar da hantsi, iska ta ɗauki garwashi ɗaya ta ajiye a kan labule. Labule ya kama, ya ba katifa. Hayaƙi ya fita zaure, ya tarar da ƙofofin ƙarfe a buɗe, don ba wanda ya gaya musu su rufe. Babu ƙara, babu koren haske. Mutane suna lalube suna kiran 'ya'yansu.

Abin da ya cece su, wasu 'yan kwalabe ne kamar ƙwayar gyaɗa a bakin bututun silin, aikin tsofaffin injiniyoyi. In zafi ya kai, su fashe, ruwa ya zubo. Ba su da baki, ba su da makunni. Sau biyu Sallau yana cewa a cire su, wai kayan da ne.

Ba a rasa rai ba. Amma jaririya ta kwana biyu da roba a hanci, maƙwabcinsu Baba Mudi kuwa har yau numfashinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Aka tara mutanen gida a filin ajiye motoci. Shugaban gida ya tambayi bango, “Ke kuma ina kike?”

“Injiniya Sallau ne ya toshe mini hanci ranar Talata. Na gaya masa mutum tamanin ne.”

Sallau ya so ƙasa ta tsage, amma siminti ne, kuma shi ya sa hannu a kan ƙarfinsa.

Sai Inna Dudu ta miƙe, zanenta duk baƙin hayaƙi. Ba ta yi magana da bango ba. Ta dube shi tsakar ido, karo na farko tun da ya auri 'yarta.

“Sallau,” ta ce, har da suna. “Ni jahila ce, itace na sani. Kai ka san wuta. Da ka ce mini a'a, cinye ka zan yi? Ka ji kunyata, ba ka ji kunyar jikata ba.”

An karɓe masa allon. Waɗanda suka gaje shi suka cire makunnin toshe hancin gaba ɗaya, suka ce hanci dubu uku ba ya tsare gida muddin yatsa ɗaya zai iya toshe shi.

Ranar suna aka raɗa wa yarinya Rukayya, amma ba mai kiranta haka. Duk hawa sittin Ta-Hayaƙi suke ce mata. Yanzu ta fara tafiya. In an ƙwala mata kira a zaure, ita ta waiwayo da dariya, ubanta kuma ya dubi takalminsa.