Sunan Da Kaka Ba Ta Faɗa

A kasuwar Kanambakashe suka haɗu, rumfar mai cajin waya. Munira ta zo karɓar tata, ta tarar da wani dogon saurayi ya duƙa yana naɗar kukan jaki a waya, fuska a murtuke kamar mai aikin gwamnati. Dariya ta ƙwace mata. Shi kuwa Abdulƙarim ɗan Tasawa, tun daga dariyar nan bai sake samun natsuwa ba.

Ya ce mata manhaja yake haɗawa don tsofaffin da mantuwa ta kama: ta nuna musu hoto, ta tambaye su, ko tunani ya dawo. Munira ta bar dariya, don kakarta Zara'u haka take, wani lokaci ko ita ba ta ganewa.

Daga maganar Kaka aka koma maganar zuciya, har manya suka sani. Malam Mumuni, mahaifin Munira, ya ce yaron ya zo a ga aikin nasa.

Ranar har maƙwabta sun cika tsakar gida. Hoton Munira ya fito, Kaka ta faɗi suna, aka yi ta murna. Sai ga hoton Malam Mumuni, wayar ta ce, "Wane ne wannan? Faɗi sunansa."

Kaka ta yi shiru. Abdulƙarim kuwa ya tsara abin ya yi ta maimaitawa sai an amsa. Ai fa wayar ta dage, tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malam Mumuni ɗan farinta ne, tunda ta haife shi sunansa bai taɓa fita bakinta ba. Abin haushi, Abdulƙarim ya san wannan kunyar sarai, ko innarsa ba ta kiran sunan yayansa. Zama gaban na'ura ne ya mantar da shi.

"Wanda ya tsare mahaifiyata gaban mutane, ba ni ba shi ɗiyata," in ji Malam Mumuni.

Bashiru mai sayar da esans, wato man fetur, wanda dama ke raɓe-raɓen neman Munira, ya samu ƙofa. Aka ce danginsa za su zo neman aure bayan Juma'a. Munira ta kasa cin abinci, tsoro ya cika ta.

Ta rubuta wa Abdulƙarim: "Sheri, masoyina, shirunka na kashe ni. Ko ka haƙura da ni ne?"

Sai washegari amsa ta zo: "Hasken idona, ina ƙauyen su Kaka, babu rezo, waya ba ta shiga. Na cire tambayoyin duka. Zan turo miki abu, ki ajiye kusa da ita kawai, kada ki ce komi. Ni ma tsoro nake ji."

Da la'asar ranar Alhamis, Malam Mumuni na gyaran igiya a inuwa, Munira ta ajiye wayar gefen tabarmar Kaka ta kunna. Ba hoto, ba tambaya. Kukan ƙarfen jan guga ne kawai, da takun bijimi mai jan ruwa, da Fulani na kiran shanu.

Munira har ta fid da rai. Can Kaka ta ɗaga kai.

"Rijiyar garinmu ce," ta ce. "Shekarar yunwa nan na tsaya da yaron nan a bayana, jikinsa kamar wuta. Na ce, Allah, in ɗauka za a yi, a ɗauke ni, a bar shi."

Sunan dai ba ta faɗa ba. Amma igiya ta faɗi daga hannun Malam Mumuni. Ya yi furfura bai taɓa jin kalma ɗaya ta so daga bakin uwarsa ba, sai yau. Ya juya baya yana share ido, ya daɗe a haka, sannan ya ce wa Munira ta gaya wa ɗan Tasawan nan ya turo magabatansa.

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Da aka kawo ango gaisuwa, Kaka ta riga ta manta shi, ta tambaya ko wane ne. Munira ta raɗa mata cewa shi ne ya kawo mata rijiya.

Tsohuwa ta kamo hannuwansu ta haɗa. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ɗan da za ku ji kunyar sunansa."

Malam Mumuni ne ya fara cewa amin.