Tankin Feshin Mai Zuma

Hantsi bai gama ɗagawa ba Saje ya faɗo ofishin Sufeton 'yan sanda ko sallama babu.

"Yallabai, an tsinci gawa a gonar lemo. Tsohon nan ne da ake kira Mai Zuma. Ga 'yarsa can bakin kanta, wai mu rufe ta, ita ta kashe shi."

Sufeto ya ture kofin shayinsa gefe. Shekara ashirin da biyu yana aikin nan, ya saba da masu rantsuwa suna kuka cewa ba su ba ne. Wanda ya kawo kansa da ƙafarsa shi ne ke tsinka masa zuciya, don sau da yawa wani ne ya turo shi.

Auta ake ce mata. Za ta kai shekara talatin, hannayenta duk kanta irin na mai aikin gona, idanunta sun kumbura suntum.

"Yaya aka yi kika kashe shi?"

"Ni ke haɗa masa ruwan feshi kullum da safe. Ruwan ganyen darbejiya da ruwan sabulu kaɗan, shi ke nan. Sai in ajiye tankin a bakin rijiya in tafi ɗora abin kari. Yau na kawo masa abinci na tarar da shi kwance, kumfa a baki."

"To ina kisan yake a nan?"

"Akwai tsohuwar kwalbar maganin ƙwari a ɗakin kaya, kusa da ta sabulu. Ita na ɗauka."

"Kin tuna kin ɗauka?"

Ta ce, "Baffa ya ce ba yadda za a yi in ba haka ba."

Sufeto ya ɗauki hularsa. Ya sa a ba ta kujera da ruwa, kada kowa ya kuskura ya kai ta bayan kanta.

Gonar kam, Allah Sarki! Kana shiga ka san tana jinya. Rabin bishiyoyin ganyensu ya yi rawaya dabbare-dabbare, lemon ƙanana a karkace, wasu sun zube tun ba su nuna ba. A ƙarshen gonar ga amya goma sha biyu a jere. An riga an wuce da gawar asibiti, tankin feshi ne kawai ke yashe a gindin bishiya ta bakwai, an kwance bakinsa an ajiye a kan murfi. Matattun ƙudan zuma sun yi baƙi a ƙasa.

Saje ya buɗe tankin ya ja da baya yana toshe hanci. "Kai! Wannan ko giwa ta shaƙa sai ta ji a jikinta."

Suka shiga ɗakin kaya. Ga kwalabe biyu a kan katako, iri ɗaya, ba mai takarda a jiki. Sufeto ya sunkuya ya daɗe yana kallon ta biyun, wadda ba ta sabulu ba. Yanar gizo ta ɗaure wuyanta da bango, ƙura ta kwanta a kanta ba sawun yatsa ko ɗaya. Ya sa hankici ya murɗa murfin, tsatsa ta hana. Da ya ɗaga ta sama, abin da ke ciki ya daskare tuntuni.

"Saje, gizo-gizo ya ba da shaida. Wannan kwalba ta shekara ba a taɓa ta ba."

"To mu gaya wa baiwar Allahn nan mana, Yallabai."

"In ta sani, wanda ya turo ta ma ya sani. Kama bakinka."

Bai ji daɗin kansa ba da ya faɗi haka. Ya dai sa aka mayar da ita gida, ya ce kada ta yi nisa.

Washegari likita ya bugo waya. Maganin ƙwari ne mai ƙarfi, ta baki ya shiga, kuma dama tsohon yana da ciwon ƙirji. Sufeto ya ɗauki bakin tankin ya nufi ofishin malamin gona, wani siririn mutum mai tabarau da ba a tambayarsa sau biyu.

"Busawa ya yi," in ji malamin gona, yana juya bakin tankin. "Ruwan darbejiya yana da dusa, yana toshe ramin. Sai su kwance su sa a baki, su tsotsa su busa. Na yi magana har bakina ya gaji. Shi kuwa sai ya ce mini ruwan ganye bai taɓa kashe kowa ba."

"Bai ji wari ba?"

"Hancinsa ya daɗe da mutuwa. Ga darbejiyar kanta ba ƙamshi gare ta ba."

"Me ya hana shi fesa magani kamar kowa?"

"Zumarsa. Magani yana kashe ƙudan. Ciwon da ka gani a bishiyoyinsa kuwa ba shi da magani, wasu ƙananan ƙwari ne ke ɗaukarsa daga bishiya zuwa bishiya. Na ce ya sare masu ciwon, ya fesa sauran. Ya ce mahaifinsu ne ya dasa su. Ƙwaro kuma bai san shinge ba, Yallabai."

"Gonar wa ke bayan shingen?"

"Ta ƙanensa, baffan Auta. Shekara biyu ba sa ga-maciji a kan maganar nan. Shi ƙanen kam yana bin ƙa'ida sau da ƙafa. In ya yi feshi, sai ya cika kwana goma sha huɗu cur kafin ya tsinki lemo ko ɗaya. Gobe ma motar masu saye za ta zo masa."

Sufeto ya rubuta goma sha huɗu a littafinsa, ya ja layi biyu a ƙasa.

Da yamma ya biya gidan makoki. Ya tarar da Baffa zaune a soro yana karɓar gaisuwa, ƙaton mutum mai furfura a gemu, carbi a hannu. Auta na durƙushe a gefensa, yana dafa kanta.

"Yi haƙuri, 'yata. Kuskure ne, kowa na yi. Sufeto, don Allah a sassauta mata, marainiya ce. Ni zan tsaya mata."

"Yaushe rabonka da gonar yayanka?"

"Shekara biyu ban taka ta ba, sai jiya da na ji ihu."

"Yaya aka yi ka san akwai tsohuwar kwalba a ɗakin kayansa?"

Carbin ya tsaya. "Ai... tun da can tana nan."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sufeto ya yi ta'aziyya ya fita, ransa a jagule. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne hannun nan a kan yarinyar.

Rana ta uku da safe suka dira gonar Baffa. Nan kam sai ka ce ba ƙasa ɗaya ba, ganye kore shar, lemo ya yi jawur har rassa na rinjaya. Mota na tsaye, masu tsinka na ta cika kwanduna. Amma layi biyu na jikin shinge sun fara rawaya, kuma a shingen akwai wata kafa da mutum zai iya ratsawa, daidai saitin rijiyar Mai Zuma. Sufeto ya aika aka zo da Auta da malamin gona.

Saje ya fito daga rumfar kaya riƙe da kwalba cikin leda. Sabuwa fil, takardarta ko datti babu, saura rabi.

"Taka ce?" in ji Sufeto.

"Tawa ce. Laifi ne manomi ya ajiye magani?"

"Yaushe ka saya?"

"Ranar Asabar." Ya san mai shago zai faɗa, shi ya sa bai yi gardama ba.

"Kwana biyar ke nan. Ina rabin ya tafi?"

"A gonata na fesa mana."

Sufeto ya juya ya ɗaga murya. "Saje, tsayar da masu tsinka! A sauke abin da ke cikin mota. Malam, lemon da aka yi wa feshi kwana biyar da suka wuce, yaya ake yi da shi?"

"Rami ake haƙawa a binne," in ji malamin gona. "Duka."

Masu saye suka fara kallon juna. Baffa ya dubi kwandunan, wahalar shekara guda, ya dubi motar. Gaba kura baya sayaki.

"Ku dakata! Wallahi lemona lafiyarsa ƙalau! Rabona da feshi kwana ashirin, a tambayi kowa!"

"Na yarda," in ji Sufeto a hankali. "To ina rabin kwalbar ya tafi?"

Kukan ƙudan zuma na tasowa daga ƙetaren shinge. Baffa ya zauna daɓas a kan kwandon da aka kife.

"Ƙwarin nake so ya kashe," ya ce. "Ƙwarin kawai. Na roƙi Yaya, na kai ƙararsa wurin dangi, ya ce in je in sare nawa. Ina kallo ciwon ya haura mini layi biyu. Da na ga ta ajiye tankin ta tafi, sai na ratsa na juye. Na ce ya fesa da hannunsa ko ya ƙi ko ya so."

"Rabin kwalba a tanki ɗaya? Murfi biyu ake sawa!" in ji malamin gona.

"Ka san yana busa bakin tankin?" in ji Sufeto.

Baffa ya sunkuyar da kai. "Tare mahaifinmu ya koya mana. Sai da na ji ihunta na tuna."

"Wannan alƙali ne zai auna. Abin da ka yi bayan ihun fa? Shi ma mantuwa ce?"

Baffa ya saci kallon Auta ya kawar da kai.

Auta ta matso. Ba ta yi kuka ba, hawayen sun ƙare tun shekaranjiya.

"Baffa, kwana uku ban iya kallon hannuna ba. Ko ruwa na ɗebo da shi sai in zubar. Kai kuma kana dafa kaina kana cewa in yi haƙuri."

"'Yata..."

"Kada ka sake kirana da haka."

Saje ya sa masa ankwa. Da suka zo wucewa ta gaban motar, sai Baffa ya ja ya tsaya, ya waiwayo.

"Sufeto... lemon fa? Za a bar su su ɗora?"

Sufeto ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Lemonka ba shi da laifi. A ɗora."

Aka tura shi cikin motar 'yan sanda. Sufeto ya juya zai yi wa Auta magana, ya ga ta riga ta ratsa ta kafar shingen ta koma gonar mahaifinta. Malamin gona na biye da ita da gwangwanin jan fenti, yana shafa wa bishiyoyin da za a sare alama. Da ya kai ta bakwai, inda aka tsinci mahaifinta, hannunsa ya tsaya. Ita ta karɓi burushin ta shafa da kanta.